Facin kankare ya tsattsage ya ɗago a hunturu: ruwa ne ya yi yawa ko kaɗan ya yi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da magina, a taimaka da bayani. Gyara ne guda biyu a gida ɗaya a Kano, an yi su cikin Janairu. Na farko daɓen kankare ne inda mota take tsayawa, ya farfashe, aka cike ramukan, zurfinsu santimita 3 zuwa 4. Na biyu ƙasan dekin ne na baranda, inda kankaren ya ɓalle har rodi ya fito da tsatsa. Kwaɓin siminti ɗaya, yashi uku. An yi aikin da hantsi, aka yayyafa masa ruwa da safe na kwana biyu.

Yau sati uku ke nan. Saman facin ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, in an goga takalmi gari yake tashi, gefensa ya rabu da tsohon daɓen da wani siririn layi, kuma in an ƙwanƙwasa yana ƙara kamar ganga. Wanda ya yi aikin ya ce simintin ne ba shi da kyau. Wani ya ce an cika ruwa, wani kuma ya ce ruwan ne bai isa ba. Wanne ne gaskiya, kuma yaya za a sake shi ya zauna?

Injiniyan gini:

Wa alaikumus salam. Malam, mutum biyun nan na ƙarshe duk suna iya zama da gaskiya a kan faci guda: ruwa ya yi yawa a cikin kwaɓin, sannan ya yi kaɗan bayan an shafe. Siminti kuwa shi ne na ƙarshe da za a zarga.

Kuskuren yana farawa ne daga bakinmu, da muke cewa "siminti ya bushe". Siminti ba laka ba ne. Laka sai ruwa ya fita take tauri, in ka sake jiƙa ta kuma ta saki. Shi siminti ruwan ne yake shiga jikinsa ya zama wani abu daban. Yawancin garin sinadarin kalsiyam silikat ne. Da ya haɗu da ruwa, sai kowace ƙwaya ta fara narkewa daga bayanta, tana fitar da wani abu mai danƙo da ake rubutawa C-S-H, wanda yake tsirowa kamar saiwa yana cike gurbin da ruwan yake, yana riƙe yashi da tsakuwa. Shi ya sa kankare yake tauri ko a ƙarƙashin ruwa. Aikin kuma ba na yini ɗaya ba ne. A kwana 7 ana samun kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfin da ake sa rai a kwana 28. Lambar nan ta 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhu ma ƙarfin kwana 28 ne, na samfurin da aka ajiye cikin ruwa duk tsawon lokacin. Wanda ya sayi 42.5 ya bar shi ya ƙafe a rana ta biyu, ya biya kuɗin abin da bai karɓa ba.

Ga lissafin. Buhu mai kilo 50 yana haɗiye kimanin lita 12 ta zama jikinsa, in aka haɗa da wanda yake maƙalewa a ƙananan kofofin danƙon, sai a ce lita 20 ko ɗan sama. Abin da ya wuce haka don kwaɓin ya yi laushi ne kawai, kuma zai fita ya bar ramuka. Wanda ya ɗaga ruwan buhu daga lita 22 zuwa 30 don cokali ya riƙa sulɓi, ya yar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin. Ta ɗaya gefen kuma, da zarar damshin da ke cikin kofofin ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100, aikin kusan tsayawa yake. Iskar hunturu a Kano da rana damshinta yakan sauka ƙasa da kashi 20.

Abin da ya sa faci ya fi sabon zubi wahala shi ne ba shi da kauri, kuma ana jan ruwansa ta sama da ta ƙasa. Faci mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, kaurin santimita 3, lita 30 ne na kwaɓi, ruwan da ke ciki gaba ɗaya bai wuce lita 7 ba. In rana da busasshiyar iska suka haɗu, mita guda na iya rasa lita ɗaya a awa, kuma a aikin kankare wannan shi ne adadin da ake ɗauka an shiga haɗari. Ga tsohon kankare a ƙasa, ya shekara yana shan rana, yana tsotsa kamar sabon tulu. Aikin da aka yi da hantsi aka bari sai gobe da safe, kafin la'asar ya riga ya ƙafe. Ruwan washegari ta'aziyya ce kawai.

Alamun da ka lissafa kowacce da mafarinta. Ƙarar ganga tana nufin tsohon kankaren ya shanye ruwan fuskar da ya kamata ta manne, ko kuma an shafa a kan ƙura. Tsaga-tsagar sama iska ce ta janye ruwa tun yana ɗanye. Garin da yake tashi simintin sama ne da bai samu ruwan gama aikinsa ba, ko kuma an riƙa yayyafa ruwa ana goge shi da cokali, sai saman ya zama tsararo. Layin gefe kuma ƙanƙancewa ce: sabon kwaɓi yana tsukewa kamar rabin milimita ko fiye a kowace mita in yana bushewa, tsohon ya gama tasa tuntuni, sai a rabu a mahaɗa. Kwaɓi mai yawan ruwa da mai yawan siminti su suka fi tsukewa.

In an dawo da ruwa yanzu, simintin da bai gama ba zai ɗan ci gaba, amma inda ya ɗago ba zai koma ya manne ba. Duk inda ya yi ƙarar ganga a fasa.

Magini:

Injiniya ya gama magana a kan dalili. Ga yadda za a sake na daɓen.

A bi wurin da guduma ana ƙwanƙwasawa, a zagaye duk inda ya yi ƙara da alli, a ƙara kamar tafin hannu a kan layin. A yanke gefen da giranda, zurfin santimita ɗaya ko ɗan fiye, a tsaye. Kada a bar gefe ya tafi yana sirancewa kamar bakin wuƙa, nan ne yake fara bushewa kuma nan taya take fara ɓantarewa. A sassare cikin har tsakuwar tsohon kankaren ta bayyana, wurin ya yi kaushi. Inda man mota ya ɗiga ya shiga, wanki ba ya fitar da shi, sai an sassare har an wuce baƙin. A share, a bi da burushin waya, a wanke ƙurar tas.

Daga nan a cika ramin da ruwa tun yamma ya kwana yana sha. Washegari in an zo fara aiki a kwashe, a tsane da soso ko tsumma.

Kwaɓi: buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, don haka ɗaya da uku shi ne buhu ɗaya da kwano shida na yashi mai kaifi, wankakke, ba rairayin filasta ba. In an damƙi yashin ya bar jar ƙasa a tafin hannu, a canza. Ramin da ya wuce santimita 5 kada a cika shi da siminti da yashi zalla, a sa ƙananan tsakuwa masu milimita 6 zuwa 10, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa uku, don tsakuwa ba ta tsukewa.

Ruwan kwaɓi a auna shi, kada lebura ya riƙa tuttulawa da bokiti yana duba da ido. Lita 20 zuwa 22 a buhu, wato jarka mai lita 25 da ba ta cika ba. Amma a lura da yashin. Kwano shida ya kai kilo 150 zuwa 160, in yana da damshi irin na wanda aka sauke daga tifa jiya, akwai lita 6 zuwa 8 a ɓoye a cikinsa, sai a rage daga na jarka. Kuma yashi mai ɗan damshi kumbura yake, har kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kwanon da ka ga ya cika bai cika ba. Gwajin hannu: a dunƙule kwaɓin, ya tsaya curi guda, ya jiƙa tafin hannu amma kada ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsu.

Kafin a zuba, a dama siminti da ruwa kamar kunu mai kauri, a cuccusa shi cikin kaushin da burushi mai tauri, a zuba kwaɓin nan take tun kunun yana ɗanye. In ramukan suna da yawa a bi su ɗaya-ɗaya. Kunun da ya bushe ya yi fari kafin a zuba ya zama shamaki, gara ma ba a sa ba. A daddanna da katako sosai, musamman lungunan gefe, a ja da katako a daidaita, a gyara da cokalin katako. Ba a yayyafa ruwa don ya yi santsi, ba a barbaɗa busasshen siminti don ya shanye ruwan sama.

A kwaɓa abin da za a iya gamawa cikin minti 30 zuwa 45. Wanda ya fara ƙanƙamewa a baro a zubar. Ƙara masa ruwa a sake juyawa, kamar yadda ake yi don kada oga ya ce an yi asara, shi ne asarar.

Lokacin aiki a hunturu ko bazara shi ne bayan la'asar, don ya samu dare guda babu rana. Ana gama shafewa a rufe da leda, a danne gefunanta da bulo ko yashi yadda iska ba za ta shiga ba. In ya yi taurin da yatsa ba ya barin shaida, awa uku zuwa biyar, a ɗaga ledar a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon bargo, a mayar da ledar a kai. Tun da daɓe ne, akwai mafi sauƙi: washegari a yi masa ɗan kunya da yashi a kewaye, a cika da ruwa ya kwanta. Kwana 7 cur. Ƙafa bayan kwana biyu, mota bayan sati biyu, in da hali a kai uku.

Mai gwajin kayan gini:

Akwai wuri guda a bayanin Malam Magini da yake buƙatar ƙari, don mutane suna jin "a jiƙa" sai su wuce gona da iri. Wurin da yake ƙyalli da ruwa ya kusa lalata manni kamar busasshe. Ruwan da ya kwanta a kaushin yana garwayuwa da kunun simintin ya tsinka shi, a daidai layin da ake son ƙarfi, kuma kofofin tsohon kankaren in sun cika taf babu inda sabon danƙon zai sa saiwa. Abin da ake nema shi ne ciki ya ƙoshi, fuska ta tsane: kalar ta yi duhu amma ba ƙyalli, in ka ɗora tafin hannu ka ji sanyi amma hannun bai jiƙe ba. A hunturu wannan yanayin ba ya daɗewa, minti ashirin ya isa wurin ya koma fari. Don haka a haɗa kwaɓi tukuna kafin a tsane ramin, in kuma ya yi fari a fesa masa kaɗan a jira ƙyallin ya tafi.

Na ƙasan dekin kuwa aikinsa daban ne, kuma shi ya fi muhimmanci, don daɓe in ya lalace taya ce take wahala, dekin kuwa a kan mutane yake. Tambayar farko: me ya kai ruwa wurin rodin? Rodi a cikin lafiyayyen kankare ba ya tsatsa, saboda kankaren yana da kaifin sinadarin alkali, irin na kanwa, da yake kare shi. Sai in murfin ya yi siriri, ko kankaren ya yi kofofi, ko ruwa yana kwanciya a saman barandar yana tsattsafowa. Tsatsa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta ci, ita ce take turo kankaren ya ɓalle. In ba a gyara gangaren sama da mazurarin ruwa ba, faci mafi kyau ma damina biyu zai yi.

A sassare a bi rodin ta kowane gefe har inda ya fito fes babu tsatsa, a kuma shiga bayansa kamar santimita 2, yadda yatsu za su zagaye shi. Facin da ya tsaya a fuskar rodi bai kama komai ba, rataye yake. A goge tsatsar da burushin waya har bayan. In rodin ya ci ya sirance a fili, ko wurin yana da faɗi, ko dekin ya lotsa, a tokare da katako kafin a sassara, kuma injiniya ya zo ya gani da idonsa, wannan ya wuce faci. Jiƙa sama ba ya yiwuwa da cikawa, sai fesawa, ana maimaitawa duk bayan ɗan lokaci na wasu awanni, ko a tokare jiƙaƙƙen soso a wurin ya kwana. A cika hawa-hawa, kowane hawa santimita ɗaya zuwa biyu, a danna da hannu cikin safar roba a tura bayan rodi, a karce fuskar kafin na gaba. Murfin da ke kan rodi kada ya gaza santimita 2, in ya kai 2.5 ya fi. Bayan nan a tokare jiƙaƙƙen buhu da leda da falanki. Yayyafa wa rufi ruwa daga ƙasa da bokiti wanka ne kawai ga mai yayyafawar.

Kan yayyafi safe da yamma da aka saba: tsakanin yayyafi biyu saman yana bushewa ƙayau, ya tsuke, ya sake kumbura, kuma ruwan sanyi a kan kankaren da ya sha rana yana ƙara tsaga shi. Damshin da bai yanke ba ake so, ko da kaɗan ne.

Maganar siminti ba shi da kyau ana iya gwada ta. In buhun ya yi gudaje da ba sa murƙushewa da yatsa, ya sha damshi a ajiya, wani sashensa ya riga ya yi aikinsa a cikin buhu. Wannan a damina ya fi faruwa, ko in an jibge shi a ƙasa a jikin bango. In gari ne lis, a cika gwangwani biyu da kwaɓi ɗaya, a bar ɗaya a rana, ɗaya washegari a nutsa shi a bokiti. Bayan sati a karce su da ƙusa: in na bokitin ya yi tauri, na rana kuma ya yi gari, laifin ba na simintin ba ne.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Saura abu uku. An ba da shawarar a sayi farin ruwan nan mai kama da madara, SBR, a zuba a kwaɓi, shin shi ma kwana 7 za a jiƙa? Wani kuma ya ce a shafa efoksi, gam ɗin nan mai kashi biyu da ake haɗawa, kafin a cika. Sannan ruwan rijiyar gidan yana da ɗan zartsi, ko zai yi?

Injiniyan gini:

Amin, Malam. SBR yana da amfani, musamman a ƙasan dekin da faci marar kauri, amma ƙa'idar ruwansa ta bambanta. Ƙananan ƙwayoyin roba ne a warwatse cikin ruwa. Simintin yana son damshi, ita kuma robar sai ruwa ya janye take haɗewa ta zama fata a cikin kofofin, fatar ce take ƙara manni take kuma riƙe sauran damshin. Don haka a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu da leda kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a buɗe a bar shi ya sha iska a inuwa. In aka tsare shi cikin ruwa sati guda, an hana robar aikinta. A hunturu a ɗauki kwana biyun, kuma a bar ledar a sake-sake a kai don kare iska. Adadin da za a zuba yana jikin jarkar, don kaurinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a tuna kusan rabinsa ko fiye ruwa ne, a rage shi daga ruwan kwaɓi. Kunun manni da aka yi da SBR ya fi na siminti zalla saurin yin fata, cikin minti goma zuwa ashirin a irin wannan iska. In ya yi fata kafin a cika, ka shimfiɗa leda ke nan tsakanin tsoho da sabo, sai an kankare an sake.

Haka abin yake ga garin gyara da ake sayarwa a haɗe cikin buhu mai kilo 25. Yawanci lita 3 zuwa 4 ake zuba masa, abin da aka rubuta shi za a bi da ma'auni, a fara zuba ruwa sannan gari. Zai yi kamar ya yi tauri da farko, a ci gaba da juyawa minti uku, zai saki.

Efoksi kuwa ba ya shan ruwa ko kaɗan, haɗuwar kashi biyun ce take sa shi tauri, kuma yawancinsa busasshen wuri yake so sai wanda aka rubuta yana jure damshi. Ba a haɗa hanya biyu: ko a jiƙa a sa kunun siminti, ko a bar wurin a bushe a sa efoksi a cika tun yana danƙo. Mai son sanin ko wuri ya bushe ya manna leda mai santimita 45 kowane gefe da salatif, ya bar ta awa 16, in ya ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, akwai damshi. A dekin da ruwa yake tsattsafowa daga sama efoksi tare damshin zai yi a bayansa, wurin rodi. Ga wannan aikin naku ba a buƙatarsa.

Ruwan zartsi kada ya shiga kwaɓin da zai taɓa rodi, kada kuma a jiƙa wurin da shi. Gishirin da ke ciki yana karya kariyar da kankare yake ba ƙarfe, tsatsar ta dawo da wuri, wani lokaci ma a gefen facin. Ruwan da za a iya sha shi ne ma'auni. Na dekin bai fi jarka biyu ko uku zai ci ba har da na jiƙawa, a saya wurin 'yan garuwa daga famfo ko burtsatse mai daɗin ruwa. Na daɓen in babu rodi ko waya a ciki, ana iya kwantar masa da na rijiyar bayan ya yi tauri, sai dai zai iya barin farin tabo a sama.